Jirgin da ya ci gonar Yaya Illa

Bana shekara tara ke nan da muka kai yayana Illa makwancinsa a Keita, kuma har yau in na ji ƙarar jirgi a sama sai raina ya ɓaci.

Illa makanikin jirgin sama ne. Wani kamfani a Yamai ya sayi ƙananan jirage biyu, ya tura shi waje ya koyo gyaransu. Da ya zo hutu sai ya zana mana jirgin a ƙasa da tsinke: siriri, injina biyu a gindin wutsiya, matakalarsa a jikin ƙofa, ba ya neman dogon fili. "Wanga don irinmu anka ƙera shi," in ji shi. Mu kuwa muka saki baki.

A wannan zuwan ne ya ba ɗan baffanmu aron gonar fadamar da ya gada, a gabana ni kaɗai. Ko damin da mai aro kan kai duk kaka, don gari ya san mai gona, Illa ya ƙi karɓa. Wai abin kunya ne ma'aikaci ya karɓi gero a hannun ɗan'uwa.

Shekaru suka ja. Kamfanoni suka koma sayen jirage masu kujeru da yawa, maƙeran suka daina ƙera irin nasa, kayan gyara suka yi wuya. Aka sayar da jiragen, aka sallami Illa da takardar yabo. Kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Da ya dawo ya nemi gonarsa, ɗan baffan ya ce tasa ce, maigari ya tambaya ko akwai wanda ya taɓa ganin an kai masa dami. Babu. Ya tambaya ko akwai shaidar aro. Ni kuwa 'yar wancan ɗan baffan nake aure, sai na sunkuyar da kai.

Ya ƙare rayuwarsa yana gyaran injin ban ruwa a lambunan albasa na Madawa, bai taɓa tayar mani da maganar ba. Da zai ga yau, ban san me zai fi ƙona masa rai ba, jiragensa da suka zama tarkace a wata ƙasa, ko 'ya'yansa da ke ƙwadago a fadamar ubansu.

Na daɗe ina zagin jirgi don ya fi sauƙi. Abin da Illa ya bari 'ya'ya uku ne marasa wurin shuka, sai gaskiyar da ta maƙale a bakina. Maigari, gonar aro ce, a gabana aka ba da ita.