Hachimou da Kwamfutar Yaya Tsahara

A unguwar Ganou ta Parakou, idan ka nemi Hachimou mai gyaran kwamfuta za a nuna maka wani ɗan shago da ke maƙale tsakanin mai aski da mai sayar da siminti. Mutum ne siriri mai ƙarancin magana, furfura ta fara fito masa a gemu. A wajen Gare aka haife shi, tashar da manyan motoci ke lodi. Mahaifinsa direba ne ɗan Gaya, ya ƙare rayuwarsa a kan hanyar Parakou zuwa Nijar, ƙannen Hachimou maza duk sun gaji sitiyari. Hachimou ne kaɗai ya fita daban, kuma ba da gangan ba. Tun yana yaro mota ba ta karɓe shi ba, da ta fara tafiya sai jiri da amai. An yi jiƙo, an yi rubutu, an ba shi lemun tsami ya tsotsa, duk a banza. Daga ƙarshe uban ya haƙura, ya kai shi wurin wani Bayarabe mai gyaran rediyo. Daga rediyo ya koma talabijin, da kwamfutoci suka cika gari ya bi su. Sana'ar ta dace da shi, don a zaune ake yin ta. Ya yi aure, ya gina ɗakuna biyu, bai taɓa jin yana marmarin ganin wani gari ba.

Ana saura 'yan kwanaki Babbar Sallah yayarsa Tsahara ta bugo masa waya daga Djougou, inda take aure. Tana da shagon ɗinki da keken aiki irin na zamani, wanda sai kwamfuta ta aika masa zane kafin ya zuba ado a wuyan riga.

"Hachimou, abar nan ta ƙi tashi," in ji ta. "Wuta na kamawa, fanka na juyawa, amma fuskar baƙa ƙirin. Ga kayan mutane jibge."

"Ki sa a mota a kawo min, Yaya."

"Ban yarda a ɗora ta a kan buhunan doya ba. Kai za ka zo."

Tsahara ce ta goya shi yana jariri, bai iya musu da ita ba. Washegari bayan asuba ya ɗauki jakar kayan aikinsa ya shiga motar haya. Ya sha wuya. A Onklou sai da direba ya tsaya masa ya sauka ya tsuguna a gindin bishiya, wata mai sayar da koko ta ba shi ruwa ya wanke fuska. Da ya isa shagon, Tsahara ta dube shi ta yi dariya har da riƙe ciki, sannan ta shimfiɗa masa tabarma ta kawo kunu.

Sai da ƙasa ta daina juya masa sannan ya buɗe akwatin kwamfutar. Cikinta cike da gashin zare kala-kala wanda fanka ta daɗe tana zuƙa. Ya hure shi tas. Ya cire duk abin da ke jone da ita, ya bar wuta da fuska kawai, ya kunna. Fanka ta juya, fuska ba ta ce komai ba. Ya sauya ɗan batirin nan mai kama da kwabo da ke jikin babban faifan ciki, wanda masu gyara a Parakou ke kira kart mer. Shiru. Ya zare siraran allunan ƙwaƙwalwa guda biyu, ya goge bakinsu da abin goge fensir, ya mayar da su ɗaya bayan ɗaya. Nan ma shiru.

Tsahara tana tsaye a kansa da almakashi a hannu. "Ta mutu ko?"

"Tukuna, Yaya."

Ya sake zare allunan duka biyu ya kunna ta haka, ya kara kunnensa. Sai ga ɗan kuka siriri, tana yi tana maimaitawa.

"Kin ji? Cigiyar abin da na cire mata take yi. Da faifan ya ƙone, ba za ta san an ɗauke mata komai ba."

Wannan ya kwantar masa da hankali, amma bai nuna masa inda cutar take ba. Ya haska fitila ya bi ƙananan gwangwanayen da ke tsaye a kan faifan ko akwai wanda ya kumbura. Duk lafiyarsu ƙalau. Ya gwada wata tukunyar wuta da ya zo da ita, mai raba wa kwamfuta lantarki, bai canza komai ba. Azahar ta yi, ya je ya yi salla ya dawo, ya zauna yana kallon akwatin kawai. Hachimou ba ya fushi da na'ura. Ya kan ce ita ba ta ƙarya, sai dai mutum bai yi mata tambayar da ta dace ba.

Abu ɗaya ya rage. Ya kwance dukkan kusoshi, ya ɗago faifan gaba ɗaya daga akwatin, ya ɗora shi a kan kwalin zare, ya jona masa wuta da fuska a nan waje. Da ya taɓa wurin kunnawa, sai ƙara ɗaya gajeriya, rubutu fari ya bayyana.

Tsahara ta ajiye almakashi. "To me ka yi mata?"

"Ban yi komai ba. Akwai abin da ke taɓa ta daga ƙasa."

Ya karkata akwatin da babu komai a ciki, ya bubbuga. Wani ɗan abu ya gangaro ya faɗi a tabarma. Karyayyen bakin allura ne, bai kai ƙwayar shinkafa ba. Ya shige tsakanin faifan da ƙarfen akwatin, yana haɗa wuta inda bai kamata ta haɗu ba.

Tsahara ta ɗauka ta juya shi a tafin hannu. "Ta keken aikin ce. Ranar Laraba ta karye, na share ko'ina ban ga bakin ba."

"Kwamfutar a ƙasa take, ƙarƙashin keken?"

"A nan take tun da aka kawo ta."

Ya mayar da komai, ya sa aka ɗauko tebur aka ɗora ta nesa da keken, ya liƙa guntun gidan sauro a ramukan shan iska. Kafin la'asar keken ya kama aiki, allura na sauka a kan shadda ruwan goro, furanni na fitowa ɗaya bayan ɗaya. Hachimou bai taɓa ganin yadda ake yi ba. Ya ja kujera ya zauna kusa, ya kasa ɗauke ido.

Mijin Tsahara, Illiyasu, ya shigo daga kasuwa suka gaisa, ya ce ai ba maganar komawa yau. Aka daka sakwara da miyar gyaɗa. Suna ci Tsahara ta ɗauko igiyar awo, ta zagayo bayan ƙanenta ta auna kafaɗarsa.

"Yaya, bari in gama cin abinci mana."

"Ci abinka, ɗaga hannu kawai. Wannan rigar da kake yawo da ita ba za ta je idi ba."

Ya ɗaga hannun hagu, ya ci gaba da ci da na dama.