Ɓargon da Na Hana a Ɗiba

Yau shekara tara da rasuwar ƙanena Mannir. Shekara tara ke nan kuma ina gaya wa mutane cewa likitoci ne suka ce mu mai da shi gida, babu abin da za su iya yi mashi. Ƙarya nake yi. Babu likitan da ya faɗi haka. Ni na ɗauke shi.

Ni mahauci ne. Rumfata tana Babbar Kasuwa, inda mahaifinmu ya bar mani kututture da gatari. Karatuna bai wuce firamare ba, don haka wanda ya ga maganata ta fito gatsal ya yi haƙuri. Mannir bai bi fawa ba. Gyaran agogo da rediyo ya koya, daga baya ya koma gyaran waya a wani ɗan shago nan Ƙofar Durbi. Duk sa'ad da ka je za ka iske shi da gilashi maƙale a ido ɗaya, yana tsintar abin da ni ko ganinsa ba na yi. Yakan ce mani, "Yaya, kai komai sai da gatari. Ko ƙaya ta soke ka, gatari za ka ɗauko." In ce mashi gatarin nan da yake rainawa shi ya raine shi.

Ciwon ya fara da zazzaɓi da kasala. Aka sha maganin maleriya, aka sha na taifod. Sai dasashinsa ya riƙa zubar da jini in ya yi asuwaki, wani baƙin tabo ya fito mashi a cinya da hannu kamar an doke shi da sanda. Muka kai shi asibiti, aka ba shi gado, aka ɗibi jini.

A ɗakin gwajin akwai Hajiya Rabi, wadda ta daɗe tana sayen nama wurina. Saboda sanayya ta aika aka kira ni, ta zaunar da ni gaban madubin nan nasu mai ƙara girman abu. An shafa jinin Mannir a ɗan gilashi, an rina shi da shuni. Na leƙa, na ga wasu abubuwa zagaye-zagaye sun cika wuri.

Ta ce, "Malam Sada, kowace farar ƙwayar jini tana da wani abu a tsakiyarta, kamar gwaiduwa a cikin ƙwai. Shi muke dubawa. Waɗannan ƙwayoyin ɗanyu ne, ba su nuna ba suka fito. Sankarar jini ce, mai saurin nan. Amma iri-iri ce, kowace da maganinta. A wata, gwaiduwar tana zagaye ta cika ƙwayar. Ta ƙanenka, duba da kyau, me ta yi maka kama da shi?"

Na ce, "Ƙodar akuya."

Ta ce, "To, kai ma ka gani. In abin da nake zato ne, irin da ake samun sa'arta ce, amma ba ta jira. Sai an duba ɓargonsa kafin a tabbatar."

Daga wannan kalma ban ƙara jin komai ba. Likita ya zo ya yi bayani, ya ce a ƙashin ƙugu za a ɗiba, ya ce allura, ya ce za a kashe zafin wurin. Bakinsa kawai nake kallo. Ni da tun ina yaro nake fasa ƙashi, wani zai gaya mani yadda ɓargo ke fita? Na san ƙarar, na san yadda ƙashi ke tsagewa, na san ba ya komawa. Abin da na gani a idona shi ne Mannir kwance a kan kututturena.

Mannir ya ce, "Yaya, allura ce fa suka ce."

Na ce, "Ka taɓa ganin allura ta huda ƙashin saniya?"

Can ya ce, "Abin da ka ce, Yaya." Haka aka raine mu, tun mutuwar Baba ni ne uba. Likita ya roƙe ni, Hajiya Rabi ta biyo ni har bakin ƙofa. Na sa hannu a takardar da ke cewa da kaina na fitar da shi. Matarsa Zainabu tana gida tana jego, ita ce mutum ta farko da na yi wa ƙaryar.

Kwana goma sha biyu ya yi a gida. Na samo jiƙo, na samo sassaƙe. Kullum da hantsi in aiko da hanta da ƙashi mai ɓargo a yi mashi farfesu, wai don jininsa ya ƙaru. Ku duba wannan wauta: na hana a ɗibi ɗigon nasa, ina ta ɗura mashi na saniya. Yana sha don ya faranta mani. Rana ta goma sha biyu ya ce kansa zai tsage. Kafin la'asar an yi mashi sutura.

Hajiya Rabi ba ta daina zuwa rumfata ba, ba ta kuma taɓa tayar da zancen ba. Ni ne bana na kasa haƙuri. Ina yanka mata nama na ce, "Hajiya, da na bari, da ya rayu?"

Ta ce, "Rai na Allah ne, ba zan ce maka e ba. Amma na ga masu irin tasa da suka tashi suka koma sana'arsu. Ba zan ɓoye maka wannan ba."

Ta kuma gaya mani yanzu ana ɗaukar hoton ƙwayoyin nan a tura wa ƙwararre ta waya, har kwamfuta ake koya wa ta dubi gwaiduwar ta ware wannan iri da wancan. Na tsaya da wuƙa a hannu ina tunanin Mannir. Da yana nan da sai ya nace an nuna mashi cikin injin, ya kwance shi ya mayar. Da ya yi mani dariya ya ce, "Ka gani, Yaya? Duniya ta masu duba ƙaramin abu ce." Shi da ya kwashe rayuwarsa da gilashi a ido, ni aka ba madubin na leƙa jininsa, shi bai taɓa gani ba.

Kafin in rubuta wannan, na je wurin Zainabu. Ta yi wani aure, na nemi izinin maigidanta, muka zauna a zaure. Na faɗa mata komai, kaina a ƙasa.

Ta ce, "Na sani, Yaya. Ranar da kuka dawo ya gaya mani. Ya ce tsoro ne ya kama ka, kada in nuna maka na sani."

Na ce ta yafe mani. Ta ce, "Shi ya yafe tun a ranar. Nawa, ka ba ni lokaci."

Ban ga laifinta ba. Ashe farfesun nan da yake sha, yana sha ne ya san abin da na yi.

Shagonsa yanzu wani ke sayar da katin waya a ciki. Gilashin idonsa yana aljihun rigar da nake zuwa kasuwa da ita. Hajiya Rabi ta ce ɗan gilashin da aka shafa jininsa har yau yana cikin akwati a ɗakin gwajin, da shi ake nuna wa ɗalibai gwaiduwa mai kamar ƙoda, don in sun gan ta a jinin wani su san ba a jira. Wannan ya rage na Mannir, kuma ya fi abin da zai rage nawa amfani.

In aka ce za a ɗibi ɓargon wani naka, ka nemi a nuna maka allurar. Ni sai bana na gan ta. Ba ta kai kaurin tsinken tsire ba.

Allah ya jiƙan Mannir, ya sa ya huta.