Rumfar Kwanon Baba

Ƙarfe huɗu na yammar wata Alhamis kafintoci suka buga ƙusar ƙarshe a rumfar kwanon da ta rufe tsakar gidanmu a Mairuwa. Ina zaune ina karatu, rediyo na faɗin lokaci, sai inuwa ta haye shafin littafina. Shekarun da kuɗin mai suka shigo ne. Baba ya samu aikin kai tsakuwa wurin masu yin hanya, ya ce iyalinsa sun gama shan rana.

Autarmu tana rarrafe a lokacin. Fara ce sol, Inna kuma ba ta yarda a fita da ita, don tsoron bakin mutane. Cimarmu ma ta canja. Bafulatanar da ke kawo mana nono ta daina tsayawa a ƙofarmu. Aka yaye Auta da biskit da koko mai sukari. Fura ta koma abin tarbar baƙon ƙauye.

Da na dawo hutu daga makarantar kwana, na tarar ta fara tafiya, amma ƙafafun sun lanƙwashe kamar baka, wuyan hannunta ya yi kauri. Taku kaɗan sai ta zauna tana kuka.

"Ke kika tsai da ita da wuri," Kaka ta ce wa Inna.

"Iya, wallahi baki ne."

"Bakin wa? Wa ya ganta? Ɗiyar da kika ɓoye kamar gwal a adaka!"

Aka yi rubutu, aka yi turare. Wani mai ɗori daga Faskari ya jera mata kara ya ɗaure da tsumma. Ni ce mai kwancewa in za a yi mata wanka, ni ce mai mayarwa. Nakan gwada da tafin hannuna tsakanin gwiwoyinta, kuma tazarar ba ta raguwa. Abu ɗaya nake son sani: za ta miƙe, ko haka za ta girma? Kunya ta hana ni tambaya. A gidanmu ma ba a saba jin muryata ba.

Baba ne ya gaji, ya ɗauke mu a motar tsakuwa zuwa asibiti, ina rungume da Auta. Wata nas mai furfura ta kwance karan ta ajiye gefe, ta matsa ƙaurin yarinyar, ta tambayi abin da take ci da inda take wuni. Baba ya ba da labarin rumfarsa da ɗan alfahari, har da nawa na makarantar kwana. Nas ɗin ta saurara har ya gama.

"Alhaji, ka kyauta musu. Amma ƙashin yaro ba ya ƙwari sai da rana da nono. Ka cire ko falle biyu ne."

Baba ya sunkuyar da kai yana kallon takalminsa. Ni kuwa ban san lokacin da bakina ya buɗe ba.

"Hajiya, za ta miƙe?"

Ta dube ni ta saman tabarau.

"Ashe kina magana. Ƙashinta ɗanye ne, 'yan mata. Ki riƙa zama da ita a hantsi, ku nemo mai nononku, ga magani ku ba ta. Ba wannan hutun ba, ba na gaba ba, amma in Allah ya so da ƙafarta za ta zo tarbarki a tasha."