Haƙoran Wahabu da Injin Fijo

Ka taɓa ɗaga bonet ɗin tsohuwar Fijo 504 ka leƙa? Silinda huɗu a jere, an ɗan kishingiɗar da su gefe, kan inji ɗaya, babu lungun da hannu ba ya kaiwa. Tun ƙarshen shekarun sittin aka fara ƙera ta, kuma ita ta yi ta jigilar mutane daga Sokode zuwa Dapaong a ƙasar Togo har aka sami ƙananan bas.

A kan wannan injin Wahabu, bakanike a Zongon Sokode, ya tsufa. Yadda yake aiki kuwa, doguwar sukudireba zai ɗora a jikin inji, ya kara ƙotar a kunne. Ɗaya, uku, huɗu, biyu: haka silindojin ke tashi, wadda ta yi ɗingishi nan take zai nuna ta.

Sai kunnen ya fara mutuwa. Bai gaya wa kowa ba, don Fijo uku kacal suka rage da ake kawo masa gyara.

Wata Laraba Sharifuddeen direba ya kawo tasa.

"Baba, tana wani ƙwas-ƙwas can ƙasa."

Wahabu ya kara sukudireba. Shiru. Ya sauya kunne. Shiru.

"Cikinka ne ke kuka, ɗan nema. Je ka ci waina, ka ɗauki fasinjanka."

A Bombouaka, kusa da Dapaong, injin ya buga, ƙarfen fistin ya huda bulok, wato gangar jikin injin, ya fito waje. Mutum tara suka ƙarasa Dapaong a babura, motar kuma ta tafi wurin masu awon ƙarfe. Sharifuddeen bai zage shi ba. Da ya dawo, ya dai tsaya bayansa a gareji ya kwaɗa masa kira, a gaban mutane. Wahabu bai waiwayo ba.

Sauran Fijo biyun suka koma wani garejin.

Yanzu da haƙora yake ji. Yana cizon ƙotar, girgizar inji ta bi muƙamuƙi ta hau kai. Haƙori biyu sun karye. Matarsa Khairiya ta ce, "Malam, kunne ya tafi, bakin ma za ka bayar? Tuwon fa?"

Ya rantse mini yana jin duka silindojin huɗu. Direbobi sun ce ƙarya ce, har yau babu wanda ya mayar masa da mota. Ni na gwada a injin niƙa, na ji. Kai ma toshe kunnuwanka, ciji ƙotar sukudireba, ka taɓa bakinta a jikin inji mai aiki, nesa da bel. In ka ji, don Allah ka faɗa a tashar Sokode.