Siton Riɗin da Yaya Rakiya Ta Mayar Filin Tanis

Shekara takwas ke nan cif da rasuwar yayata, Malama Rakiya, wadda ta koyar da wasannin motsa jiki a wata makarantar 'yan mata a nan Gumel. Ban yi niyyar rubuta komai bana ba. Ɗiyata ce ta miƙo min waya makon jiya, wai in kalli gasar tanis ta mata da ake yi a ƙasar waje, cikin wani makeken rufaffen ɗaki mai shuɗin daɓe sumul, ba rana ba iska. Ko minti biyu ban yi ba na mayar mata da abarta.

Da Yaya na nan, na san dariya za ta yi, ta ce ashe Turawa ma sun gano amfanin sito. Ita a kwalejin malamai ta koyo tanis, ta dawo ta tarar ba uban da zai bar 'yarsa ta yi tsalle a fili 'yan acaɓa na kallo. Sai ta roƙi wani Alhaji maƙwabcinmu, mai fataucin riɗi, ya ara mata sitonsa a watannin da ba kaya a ciki, daga faɗuwar damina zuwa kaka. Daɓen siminti ne, rufin kwano, ƙofa ɗaya tal, shi ya sa iyaye suka yarda. Tsohon gidan sauro ne ragarmu, raket huɗu na bugun ƙwallo kuma ana karɓa-karɓa.

Wahalar duk a shara take. Wanda bai taɓa taka ƙwayar riɗi a kan siminti ba, bai san santsi ba. Kwana uku muke yi a duƙe da tsintsiya kafin a ja layi da farar ƙasa, kaka na yi buhuna su shafe shi. Ni ban taɓa iya wasan ba, ban ma taɓa sonsa ba, in dai gaskiya za a faɗa. Ita nake so. Da ciwo ya kwantar da ita, abu ɗaya ta roƙe ni, kada in bari a rufe wurin.

To, na riƙe shekara takwas, gwiwoyina sun ƙare a shara. Yaran da a da ake kawowa har daga Gagarawa da Sule Tankarkar sun girma sun watse. Bara yara uku kacal suka zo, su ma rabin lokacin hira suke. Ba na ganin laifinsu, me zan koya musu, ni da ƙwallo ke wuce ni? In na auna abin da ya rage na Yaya, tsofaffin ɗalibanta ne, matan nan da muke haɗuwa a gidan suna, su riƙe hannuna su ce ita kaɗai ta taɓa ce musu su yi gudu su yi ihu son ransu.

Shekaranjiya da hantsi Alhaji ya yi sallama, shi ma tsufa ya kama shi. Ya ce wani ɗan kasuwa daga Maigatari na son hayar siton shekara sukutum, amma shi ya yi wa marigayiya alkawari, ba zai bayar ba sai da bakina. Na ce ya bayar, na gaji.

Ya miƙe a hankali ya sa takalmi. Sai da ya kai bakin zaure ya juyo.

"Wallahi Malama, na zo ne ina fatan ki ce a'a."

Ban kira shi ya dawo ba. Allah Ya jiƙanki Yaya, ki yafe min.