Gwaggo Tsahara da Duwatsun Korama

Ku da kuka san Gwaggo Tsahara, don Allah wa ya taɓa ganin ta dawo gida hannu rabbana? Ko gaisuwar mutuwa ta je, sai ta dawo da dutse bisa kai. Ƙasarmu kuwa kun san ta, rairayi ne tsantsa, dutse sai an yi tafiya kafin a gan shi. Ita ko daga nesa take hango abinta.

Yayar babana ce, kuma a ɗakinta na tashi, saboda haka na ɗauki dutse har wuyana ya gajarce. Duk a bakin koramar bayan gari take jera su, wadda ke gangarowa daga tudu ta faɗa Gulbin Kaba. Tun da aka sare itatuwan tudu aka yi itacen girki, ruwa ya daina tsayawa ya shiga ƙasa. Gudu kawai yake yi, yana yankar gaɓa, kowace damina koramar tana ƙara matsowa gidajenmu. Mu muna kallo. Gwaggo ta ɗauki abin faɗa ne tsakaninta da ruwa.

Wata ranar kasuwar Gidan Amumune ta hau kabu-kabu, babur ɗin haya, da buhu ɗaure. Ba su yi nisa ba moto ya nutse cikin rairayi, yana kuka. Mai moto ya sauka yana gumi.

"Gwaggo, wai mi ke cikin buhun nan?"

"Tsaraba ce."

Ya taɓa, ya ji tauri. "Tsarabar wa?"

"Ta korama. Tura, ɗana, kai yaro ne!"

Haka ya turo moto har gari, tana zaune bisa buhunta tana gaida mutanen hanya.

Sai bikin ɗiyar liman. Mata suka yi tuwo ranar farko, suka tashi da safe za su ɗora tukunyar kunu, babu murhu ko ɗaya! Toka kawai. Ba wanda ya tsaya tambaya, kai tsaye aka nufi korama. Ga Gwaggo tana jera su, baƙi ƙirin, da sauran ɗuminsu.

Uwar amarya ta riƙe baki. "Haba Tsahara! Duwatsun murhu?"

"Ba kun ƙare tuwo ba?"

"Kunun fa?"

"Ku haƙa rami. Kunu bai san bambanci ba."

Wallahi a rami aka dama kunun nan, kuma Gwaggo ta sha ƙwarya guda, har ta ce tsamiya ta yi kaɗan.

Maganarta kuma ɗaya ce: "Ka tambayi ruwa?" In za ka yi rumbu, ka tambayi ruwa? In za ka ɗebi ƙasar bulo a gaɓa, ka tambayi ruwa? Babana, Allah ya jiƙan shi, ya tashi gina mini ɗaki a wani fili mai kyau gefen kwari, lokacin da zan yi aure. An haƙa tushe, magina suka zo da safe suka iske Gwaggo zaune ciki da tabarmarta da butarta, tana saƙar faifai.

"Yaya, tashi mana, mutane na jira."

"Ka tambayi ruwa?"

"Yaya, rabon da ruwa shi bi nan tun ina yaro!"

"To, ni na ga lokacin da ya bi, kai kana goye kana zubar da majina. Ku gina da ni ciki."

Babana mai gemu fari, a gaban magina! Ya juya ya tafi. Aka mai da ginin tudu, na yi fushi da ita har bayan biki.

Sai shekarar da kuka sani. Gulbin da muka daɗe muna noma cikinsa ya cika ya batse, sama kuma ta ƙi ɗaukewa. Da hantsi muka ji ruri daga tudu, korama ta taho ja wur, da kututture da matattun awaki. Filin da aka so gina mini ɗaki ya zama tafki, ruwa har wuyan mutum. Gidajen gangare suka narke, aka kwashe iyalansu zuwa lakkwal, makarantar boko, gero ya jiƙe cikin rumbuna. Amma inda ruwan ya so ya fasa ya shigo tsakiyar gari, can ya ci karo da jerin Gwaggo. Duwatsun sun riƙe rairayi, gamba da kabar da ta dasa sun kama ƙasa. Ruwa ya fara haurowa ta gefe guda, sai ga ta, zane ɗaure a ƙirji, tana ihu.

"Maza ina kuke? Buhu! Ku cika buhu da rairayi! Liman, aje carbi ka kama nan!"

Liman ya kama. Garin kaf ya kama, har Fulanin da ke mashekari bayan gari suka zo da shanunsu suna jan amalanke. Kafin la'asar ruwa ya karkata ya bi gulbi. Ba mu rasa rai ko ɗaya ba.

Washegari mai gari ya tara mutane za a yi mata godiya. Aka nemi Gwaggo aka rasa. Can muka hango ta cikin laka, nesa da gari, tana jan wani ƙaton dutse da ruwa ya tafi da shi.

"Gwaggo, mai gari na jiranki!"

"Shi jira. Ɓarawon nan ya kwashe mini kaya, sai na karɓo abina."

Daga shekarar nan aikin ya zama na gari. Kowane rani ana fita gayya, a gyara jeri, a dasa itace bisa tudu, kuma ba mai sarar kaba a gaɓa. Garuruwan maƙwabta har zuwa suke su gani.

Daminarta ta ƙarshe ƙafa ta ƙi. Na ɗora ta bisa amalanke na kai ta bakin korama. Ta daɗe tana kallon jerin da muka gyara. Mu da muka saba da faɗa, muna jiran ta fara. Can ta dafa hannuna ta ce, "Ba laifi." Tun da nake da ita ban taɓa jin ta yabi aikin wani ba sai ranar.

Allah ya jiƙan Gwaggo Tsahara. Ba ta haifi ko ɗaya ba, amma ta kwana da damuwar ƴaƴan kowa. Allah ya sanyaya makwancinta, ya yafe mata, ya sa ta huta. Amin.