Guɗar da Na Yi a Harlem

Ran Asabar ɗin da ta biyo bayan Babbar Sallar bara, bayan azahar, 'yata Hadiza ta riƙo hannuna muka shiga wani tsohon gidan wasa a unguwar Harlem, can Amurka. Rufinsa ya sha zane kamar ƙwaryar jere, kujerunsa jajaye, sun ga jiya sun ga yau. Jikata Zainab ce za ta fito a wasan, irin wanda ake ba da labari da waƙa da rawa. Tun a jirgin ƙasa Hadiza ke ja mini kunne: "Inna, don Allah nan ba a magana. Sai an gama ake tafi."

Ni kuwa ba haka aka rene ni ba. Tun ina 'yar shekara tara nake bin mata sussuka a bayan gari in an girbe gero. Turame a jere, ƙaiƙayi na cin wuya, ana lugude, ɗaya ta ba da waƙa sauran su amsa. Ranar da aka fara cewa in bayar, na buɗe baki murya ta maƙale. 'Yan mata suka soma ƙunshe dariya. Sai gwaggona Ladi ta jingine taɓarya, ta kama hanci ta rangaɗa guɗa, kai ka ce amarya aka kawo. Ban san daga inda muryata ta fito ba. Har la'asar ni ke bayarwa. A hanyar gida ta ce, "Mai waƙa ba ya tashi da kansa, ɗaga shi ake yi."

To da Zainab ta tsaya ita kaɗai a dandamali ta fara waƙa, haske a kanta, na ji muryarta na rawa. Ba na jin Turanci, amma wannan rawar na san ta. Ɗaki cike da mutane, kowa ya yi tsit, an bar yarinya da kanta. Na kama hancina.

Hadiza ta dafe kai. "Inna, kin kashe mu!" Mai tsaron wurin ya nufo mu. Sai wata tsohuwa baƙar Amurka a bayana ta ɗaga murya tana zuga yarinyar da harshensu, wasu suka ɗauka. Zainab ta ɗago kai, murya ta buɗe har saman bene. Mai tsaron ya juya abinsa.

An ce yanzu inji ke sussuka a garinmu, ba mai bayarwa ba mai amshi. Amma na gode Allah. Ran nan da aka tashi daga wasan Zainab ta rungume ni a bakin ƙofa, da tsintacciyar Hausarta ta ce, "Tsohuwa, koya mini." Har yau ba ta iya ba, matse hancin take da yawa. Duk Lahadi tana zuwa, ni kuma da sauran numfashina.